Bindigar Tanimun da harsashin Nasara

Mu ƴan Damagaram, in ana hirar tarihi, da wuya a tashi ba a ambaci igwar Sarki Tanimun ba. Ni ma a nan Guna na taso ina jin labarinta. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, ƙaƙa aka yi daular da ke ƙera igwa da hannun maƙeranta ta faɗi cikin yini guda a Tirmini? Na bi maganar, sai na tarar wani ɓangare na amsar yana cikin bututun bindigar kanta.

Tanimun ɗan Sulaiman ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, bayan ɗan gajeren mulkin da ya yi a farko. Shi ya zagaye Birni da ganuwa, ya tara bayi ƴan bindiga. Masana tarihi sukan kawo cewa yana da bindiga wajen 6,000 da igwa kamar 40. Ayarin Tarabulus ke kawo wasu makaman, maƙeran gari kuma suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a gida.

To, waɗannan bindigogi irin na ɗuri ne ta baki, cikin bututunsu sumul yake. Ba su da tsirfa: ka zuba albarushi, ka danna dalma ko guntun ƙarfe, kai ko tsakuwa, za ta tashi. Illarsu guda, harsashin yana fita yana tangaɗi, in ya wuce taki ɗari sai dai a yi sa'a.

A Turai kuwa sun koma yin tsaga a cikin bututu, tsagar tana tafiya tana murɗewa. Harsashi in ya bi ta sai ya fito yana juyi, kamar katantanwar da yara ke murzawa, wadda ba ta faɗuwa muddin tana juyawa. Bindigar Gras ta sojan Faransi, ta 1874, faɗin bakinta milimita 11 ne, tsagarta tana cika zagaye ɗaya a santimita 55. Lebel ta 1886 milimita 8 ce, zagayenta ɗaya a santimita 24 kacal. Dalili kuwa, harsashi siriri mai tsawo sai da juyi mai sauri yake tsayawa bisa hanya, in ba haka ba ya wuntsila a iska.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Bindiga mai tsaga ba ta cin abin da aka ga dama. Kowace da harsashinta, mai kwanson tagulla, wanda aka auna a masana'anta. Na Gras ba ya shiga Lebel. Ke nan wanda ya sayi irin wannan bindiga ya ɗaure kansa ga mai sayar da harsashi, ranar da aka hana shi, sanda ce kurum a hannunsa.

Nasara sun gane haka sarai. A 1890 suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, daga layi na 20 a arewa zuwa na 22 a kudu. Damagaram tana cikin wannan fili. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindigar ƙanƙara marar tsaga da albarushi na gama-gari. Samori Ture a yamma ya yi ƙoƙarin kauce wa tarkon, maƙeransa suka riƙa kwaikwayon bindigar Faransi suna sake ɗura kwanson harsashi, amma shi ma a 1898 aka kama shi.

A wannan shekarar ce aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zindar, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 rundunar da Laftana Pallier ke ja ta gamu da dakarun Damagaram a Tirmini. Mahayanmu sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma kafin su kai inda bindigarsu ke cin mutum, harsashin wancan ɓangare ya riga ya iske su. Kafin ɗan bindigarmu ya ɗura sau ɗaya, tiraye ya harba sau da yawa. Birni ya faɗi, aka kashe Sarki Ahmadu cikin Satumba.

Ban yarda da masu cewa kakanninmu ragwanci suka yi ba, haka kuma ban ce bindiga kaɗai ta ci Damagaram ba. Abin da nake so mu lura da shi, mu ɗalibai, shi ne Tanimun ya yi ƙarfi lokacin da igwa da albarushi ke fitowa daga hannun mutanensa. Shekara 15 bayan rasuwarsa, ƙira ta canza a wata duniya, aka kuma rufe mana ƙofar saye. Har yau mafarautan ƙauyukanmu harba-ka-ruga suke saɓawa, irin wadda yarjejeniyar 1890 ta bar mana.

Saboda haka in mun tashi yin alfahari da igwar Tanimun, mu tambayi kanmu: cikin kayan da muke taƙama da su yanzu, daga injin ban ruwa har wayar hannu, wanne ne za mu iya ci gaba da aiki da shi in mai ƙera kayan gyaransa ya ce ya daina sayar mana?