Daga Libreville zuwa Galmi: yadda sunan haja ya zama dukiya a Nijar

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihun mai yin yaji a Maraɗi da mai sabulu a Damagaram. Maganar tambarin haja ce, abin da ƴan lekol ke kira marka: suna ko zanen da mai saye ke gani ya ce wannan kayan wane ne.

Zamanin mulkin mallaka, dokar Faransa ta 1857 ita ce ke aiki a kanmu, kuma takardun a Paris suke ƙarewa. Da aka samu ƴancin kai a 1960, sabbin ƙasashen ba su da ma'aikatan da za su riƙe irin wannan ofis kowace ita kaɗai. Sai ƙasashe 12, har da Nijar, suka haɗu a Libreville ranar 13 ga Satumba 1962 suka kafa ofis guda. Ranar 2 ga Maris 1977 aka sake zama a Bangui, aka canza yarjejeniyar, aka haifi ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yaoundé. An yi mata gyara a 1999, an kuma yi a Bamako a 2015. Yau ƙasashe 17 ne a ciki.

To ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Yarjejeniyar Bangui ita ce dokar ƙasarmu a wannan fanni, ba mu da wata daban. Za ka iya kai takardunka ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai, amma Yaoundé ke ba da shaidar. Rajista ɗaya tana kare ka daga Dakar har Njamena tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. In wani ya yi jabun kayanka a Tawa kuwa, alƙalin Nijar ne zai yi shari'ar, ba sai an je Kamaru ba.

Doka ta fi kallon wanda ya riga ajiye takarda a kan wanda ya riga fara sayarwa. A ganinmu wannan ya yi wa ƙananan ƴan kasuwarmu tsauri, don mu nan da amana da sanayya aka saba, suna na yawo baki da baki shekara ashirin babu takarda ko ɗaya. Amma haka dokar take. Ana buga kowace buƙata a jaridar ƙungiyar don mai ƙorafi ya fito cikin wa'adi, sai dai ku faɗa mana, nawa ne cikin ƴan babbar kasuwar Maraɗi suka taɓa ganin wannan jarida? Kuma rajistar aji-aji ce, akwai aji 45: wanda ya kare sunansa a kan sabulu bai kare shi a kan lemo ba. Wanda kuma ya yi rajista ya bar tambarin shekara 5 bai yi aiki da shi ba, ana iya neman kotu ta soke.

Albasar Galmi ce ta farkar da mu. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin irin albasa da sunan Violet de Galmi. Galmi fa, garin nan na jihar Tawa da manomansa suka daɗe suna raya wannan iri! Nijar ta ƙi amincewa, ƙungiyoyin manoma suka yi ca, daga baya kamfanin ya bar sunan ya koma Violet de Damani. Wannan rigima ta haƙƙin iri ce, babinta daban da na tambari, amma a ofis ɗaya aka yi ta, kuma ta nuna mana cewa sunan gari ma ana iya wayar gari an rubuta shi da sunan wani. A 2021 albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu rajistar alamar asali, irin wadda take ta dukan masu sana'ar yankin da suka bi ƙa'ida, ba ta mutum ɗaya ba.

Saura maganar iyaka. Najeriya ba ta cikin OAPI. Tana da dokarta ta 1965, wadda ta gada daga tsarin Ingila, da ofishinta a Abuja, inda rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Wato takardar Yaoundé tana tsayawa a Ɗan Isa, ba ta ƙetarawa Jibiya. Mai turare ko kilishin da rabin cinikinsa a Kano yake, sai ya yi rajista biyu, ya biya sau biyu, ɗaya da sefa ɗaya da naira.