Ragon Mai'adua da tarihin zanen alƙaluma

1/ Gab da Babbar Sallah sai ku ga an wallafa cewa matsakaicin kuɗin rago a kasuwar Mai'adua kaza ne. Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar Lahadi ya san lamba ɗaya ba ta isa ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Zanen sanduna da muke yi a Excel, William Playfair ɗan Sikotilan ne ya fito da shi a 1786. Dole ce ta sa shi. Yana zana cinikin Ingila shekara bayan shekara da layi, amma na Sikotilan alƙaluman shekara guda kawai ya samu. Sai ya ba kowace ƙasa sandarta.

3/ A 1801 ya ƙaro da'irar da ake yankawa kamar kankana. Ita ce 'yan ajinmu suka fi so, kuma ita aka fi zalunta. Aikinta nuna kaso ne, misali raguna nawa, awaki nawa cikin ɗari. Ba ruwanta da yadda farashi ya bazu.

4/ Don wannan sai histogiram, sunan da Karl Pearson ya raɗa a shekarun 1890. Ka kasa farashi rukuni-rukuni, ka ƙirga raguna nawa suka faɗa kowane rukuni, sandunan su manne da juna.

5/ A ce rabin karar ƙananan raguna ne na dubu 150, rabi kuma manya, kiwon turke, na dubu 550. Matsakaici dubu 350 kenan, alhali babu rago ko ɗaya a wannan kuɗin! Baba ya haɗa kuɗinsa kan wannan lamba, ya zo ya rasa inda zai tsaya. Histogiram kuwa nan take zai nuna tozo biyu da rami a tsakiya.

Ku kula da faɗin rukunin dai. In ya yi yawa, tozon biyu sai su haɗe su koma ɗaya.

6/ A 1977 John Tukey ya yaɗa zanen akwati: lambar tsakiya, rabin da ke kewaye da ita, da waɗanda suka yi zarra. Shi ya dace in za ka jera Mai'adua da Maigatari da Illela a shafi ɗaya. Amma shi ma yana ɓoye tozo biyun nan, don haka ka zuba ɗigon kowane rago a kansa.