Talaucin Karkara da Watannin Damina: Abin da Lissafin Shekara Yake Ɓoyewa

A shekarar 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken yanayin rayuwar iyalai da ta gudanar tsakanin 2018 da 2019, inda ta nuna cewa kashi 40.1 cikin ɗari na mutanen Nijeriya, wato kimanin mutum miliyan 83, suna rayuwa a ƙarƙashin layin talauci. Abin da ake nufi da layin talauci shi ne mafi ƙarancin kuɗin da mutum ɗaya yake buƙata domin ya ci abincin da zai riƙe jikinsa, ya kuma biya sauran buƙatun da ba makawa, kuma a wancan lokaci hukumar ta tsayar da shi a kan Naira 137,430 a shekara, abin da bai kai Naira 400 a yini ba. Binciken, wanda bai haɗa da Jihar Borno ba saboda rashin tsaro, ya nuna cewa a karkara fiye da rabin jama'a ne matalauta, a birane kuwa kashi 18 ne, sannan a jihohin Sakkwato da Jigawa da Taraba adadin ya haura kashi 87 cikin ɗari.

Bayan shekara biyu hukumar ta sake fitowa da wani ma'aunin, wanda ya samo tushe daga aikin Sabina Alkire da James Foster, masu bin ra'ayin Amartya Sen cewa talauci rashin ikon gudanar da rayuwa mai mutunci ne, kuɗi kuwa hanya ce kawai daga cikin hanyoyi. Wannan ma'auni yana duba lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi da masifun da kan auka wa iyali, yana tambayar ko akwai ruwan sha mai tsabta, ko yara suna zuwa makaranta, ko da itace ake girki. Da shi aka sami mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane a Arewa suke. Ma'aunan biyu sun yi amfani ƙwarai, domin sun fitar da muhawara daga fagen zato zuwa fagen hujja, kuma wanda ya ce ba su da daraja bai yi musu adalci ba. Sai dai dukansu suna ba da lamba guda ga shekara guda, alhali talaucin manomin ƙasar Hausa ba ya zama a kan mataki ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Yana da watannin da yake sassautawa da watannin da yake tsananta, kuma a cikin watannin tsanantar ne iyali suke rasa abin da ba za su iya mayarwa ba.

Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma wallafa littafinta kan karkarar Hausa a 1972, ta bayyana yadda abin yake gudana, kuma har yau bayaninta bai tsufa ba. Da kaka, lokacin da gero da dawa suka cika kasuwa, farashi ya faɗi, ƙaramin manomi yakan ɗebi hatsinsa ya sayar, domin a lokacin ne masu bin sa bashi suke zuwa, a lokacin ne kuma ake aurar da 'ya'ya, a ɗinka tufafi, a gyara ɗaki. Kafin ruwa ya sauka rumbunsa ya yi ƙasa. Idan damina ta kankama, wajen watan Yuli da Agusta, sai ya koma kasuwa yana awon tiya-tiya a kan farashin da ya fi wanda ya sayar, wani lokaci ma hatsin da ya fita daga ƙauyensu ne ya dawo masa ta hannun wanda ya iya ajiya. Domin ya sami kuɗin awo sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, daidai kwanakin da tasa gonar take buƙatar noman fari da maimai, ciyawa ta ci ƙarfin shukarsa, abin da zai girbe ya ragu, kakar da ke tafe ta same shi da bashin da ya fi na bara. Idan aka sami rashin lafiya a gidan, sai a sayar da akuyar uwargida, daga nan a jinginar da gona, kuma gonar da ta shiga jingina ba kasafai take dawowa ba. Wannan ne ya sa Hill ta lura cewa akwai manoman da talauci ya hana su noma, ko da kuwa suna da filin da za su noma.

Ma'aunin da ya tara abin da wannan gida ya kashe ya raba shi daidai a kan watanni goma sha biyu zai iya ɗora shi a saman layi da ɗan kaɗan, ya ƙidaya shi cikin waɗanda suka tsira, alhali yaran gidan sun yi wata uku suna kwana da kunu tsararo. Abin lura kuma, binciken ma'auni na biyu an gudanar da shi ne tsakanin Nuwamban 2021 da Fabrairun 2022, wato watannin da rumbu yake da sauran albarka a Arewa, don haka mummunan adadin da aka samu ma a lokacin sauƙi aka same shi.

Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar a 2005 ya ƙara tabbatar da cewa jimillar lissafi tana iya yaudarar mai mulki. Fari da fara sun taɓa amfanin gonar 2004, amma hatsi bai ɓace daga kasuwanni ba, kuma yankin Maraɗi, wanda yake cikin manyan masu noma a ƙasar, yana cikin wuraren da aka fi kwantar da yara masu tamowa. Farashin gero ne ya tashi ya fi ƙarfin talaka, na dabbobi kuma ya faɗi, ta yadda tunkiyar da a da take sayen buhu ta koma ba ta iyawa. Sen ya riga ya nuna irin wannan a littafinsa na 1981, cikin nazarinsa kan yunwar Bengal ta 1943, inda ya kafa hujja cewa mutane kan mutu da yunwa abinci yana nan, idan abin da suke musanyawa da shi, ƙarfinsu ne ko dabbarsu, ya rasa daraja.

Kayan aikin gyara wannan giɓi suna hannun hukumomi tun tuni. Tun daga 2010 Hukumar Ƙididdiga, tare da Bankin Duniya, take gudanar da wani bincike da yake komawa gidaje guda, kimanin dubu biyar, sau biyu a zagaye ɗaya, bayan shuka da bayan girbi, amma yawan gidajen bai isa a yi hukunci a kan kowace jiha ita kaɗai ba, kuma sakamakonsa ba shi ne ake karantawa a zauren majalisa ranar kasafin kuɗi ba. Kamata ya yi jihohin Arewa su zuba kuɗinsu a faɗaɗa irin wannan bincike, su riƙa tambayar wata nawa hatsin gida ya kai, kwana nawa maigida ya yi a gonar wani, me aka sayar ko aka jinginar tsakanin shuka da girbi.

Tarihin shirye-shiryen yaƙi da talauci a Nijeriya, daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 zuwa hukumar kawar da talauci ta 2001, har zuwa tallafin Naira 5,000 a wata da aka fara a 2016, ya nuna ƙarancin kulawa da kalandar manomi, ga kuma hauhawar farashin da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 ta cinye darajar duk wani tallafi da aka ƙayyade adadinsa. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Habasha tun 2005 take biyan matalautan karkara kuɗi ko hatsi a kan ayyukan gayya da ake yi kafin lokacin noma, domin kada su sayar da kadarorinsu, Indiya kuma a 2005 ɗin ta kafa dokar ba kowane gidan karkara aikin kwana ɗari. A Nijar an jarraba tsarin ajiya da lamuni: manoma su kai buhunansu ma'ajiyar ƙungiya da kaka, a rufe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi wani kaso na darajar hatsin su biya buƙatunsu, sannan su fanshe shi bayan watanni, lokacin da ya yi tsada. Tsarin yana da iyaka, domin akwai shekarun da farashi ba ya tashi, wanda bai girbe abin ajiya ba kuma babu abin da zai kai, sannan dole a daidaita shi da hukuncin riba kafin jama'a su karɓe shi da zuciya ɗaya, abin da rance marar ruwa da kuɗin zakka za su iya warwarewa. Haka nan babu tsarin da zai yi aiki a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato inda 'yan bindiga suke hana shiga gona ko su ɗora haraji a kan girbi.

Duk da haka, fannin lafiya ya riga ya nuna cewa ana iya tsara aikin gwamnati bisa lokacin da haɗari yake zuwa. Tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, ma'aikata suke bi gida-gida a jihohin Arewa wata-wata cikin damina, suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin an san watannin da cutar take kisa. Watannin nan su ne dai watannin da rumbu yake wofi, kuma gwamnatin da ta iya kai ƙwayar magani ƙofar gida a watan Yuli ba ta da uzurin kai taki bayan an gama shuka, ko raba tallafin abinci bayan sabon gero ya shigo.