Wa Ya Sa wa Littattafan Narnia Lamba?

Duk wanda ya sayi littattafan Narnia a yau zai ga lamba 1 a bangon The Magician's Nephew, lamba 2 kuma a bangon The Lion, the Witch and the Wardrobe. Da yawa suna ɗauka haka mai littafin ya jera kayansa. A gaskiya kamfanin ɗab'i ne ya daidaita wannan jeri a duk duniya, shekara 31 bayan marubucin ya kwanta dama, kuma ni dai ina ganin an tauye wa sabon mai karatu haƙƙinsa.

C. S. Lewis, haifaffen Belfast a 1898, malamin adabi ne a Jami'ar Oxford. Ya ce tun yana ɗan shekara 16 wani hoto yake yi masa yawo a kai: wata halitta rabi mutum rabi akuya, riƙe da laima da ƙunshin kaya, tana tafe cikin dajin da dusar ƙanƙara ta rufe. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka riƙa kwashe yara daga Landan zuwa karkara don gudun bama-bamai, wasu suka sauka a gidansa. Hoton nan da yaran nan su suka haifar da labarin 'yan'uwa huɗu da suka shiga kabad ɗin tufafi suka ɓulla wata duniya. Kamfanin Geoffrey Bles ya buga shi a 1950, da zane-zanen Pauline Baynes.

Daga nan kowace shekara sai sabo ya fito: Prince Caspian a 1951, The Voyage of the Dawn Treader a 1952, The Silver Chair a 1953, The Horse and His Boy a 1954, The Magician's Nephew a 1955, sai The Last Battle a 1956, wanda ya ci lambar yabo ta Carnegie. Da farko babu lamba a bangonsu. Kamfanin Macmillan na Amurka ya sa musu lamba bisa yadda suka fito, wasu bugu na Ingila kuma suka bi tarihin cikin labarin, tunda na shida ne yake ba da labarin yadda aka halicci Narnia.

A 1957 wani yaro a Amurka ya yi gardama da mahaifiyarsa kan wannan batu, har ya rubuto wa Lewis wasiƙa. Uwar tana son a bi yadda littattafan suka fito, yaron yana son a fara daga halittar Narnia. Lewis ya amsa cewa ya fi karkata ga ra'ayin yaron. Da wannan wasiƙa agolansa Douglas Gresham ya kafa hujja, HarperCollins kuma ya sake lambobin bayan ya karɓi haƙƙin bugawa a 1994. Sai dai a cikin wasiƙar nan ɗaya Lewis ya faɗi cewa bai tsara jerin ba tun farko, ya zaci na biyu ne ƙarshe, ya sake zaton na uku ne ƙarshe, kuma wataƙila ba wani abin damuwa ba ne ko ta ina aka fara. Dattijo ne yake faranta wa yaro rai. Ya rayu har 1963, bai sa an sake wa littattafan tsari ba.

Hujjata tana cikin littattafan kansu. A na 1950, ƙaramar yarinya Lucy ta ratsa tsakanin riguna, ta ji ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafarta, sai ga fitilar titi tana ci a tsakiyar daji, ba gida gaba ba gida baya. Wa ya kafa ta? Ba a faɗa ba. Haka mai karatu zai riƙe tambayar har littafi na shida, inda zai ga matsafiya Jadis ta ɓalle ƙarfe daga wata fitilar titin Landan, ta jefi zaki Aslan da shi, ƙarfen ya faɗi a sabuwar ƙasa ya tsiro kamar shuka. A nan ne kuma zai gane cewa yaro Digory shi ne tsohon farfesan da 'yan'uwan huɗu suka sauka wurinsa a na 1950, kabad ɗin kuwa da katakon bishiyar tuffa mai asali daga Narnia aka ƙera shi. Wanda ya fara da wannan littafi an ba shi amsar kacici-kacici tun ba a yi masa tambayar ba. Har ma a na 1950, da aka fara ambaton Aslan, marubucin ya gaya wa mai karatu cewa shi ma, kamar yaran, bai san ko wane ne ba. Masu fina-finan Narnia na 2005 da 2008 da 2010 sun gane haka, suka bi yadda littattafan suka fito.

Batun ko a ci gaba bayan na farko kuwa, akwai abin da ya kamata iyaye su sani. Lewis Kirista ne mai kare addininsa da alƙalami, mutuwar Aslan da tashinsa kuma daga aƙidarsa suka fito, bai ɓoye ba. A The Horse and His Boy da The Last Battle akwai mutanen Kalomen, masu duhun fata da rawuna da lanƙwasassun takubba, waɗanda akasari aka nuna su a matsayin azzalumai masu cinikin bayi, ko da yake akwai nagari irin su Aravis da Emeth a cikinsu. Wannan ya sosa mini rai, kuma ba na son yaro ya haɗiye shi ba tare da babba ya tattauna da shi ba.

Ukun da suka fara fitowa sun isa labari cikakke, tafiyar jirgin ruwan Caspian a na uku ce kuma ta fi burge ni. Idan ɗanka ya gama su yana neman ƙari, ba shi The Silver Chair. The Magician's Nephew kuwa, ajiye masa shi ya zama na shida, kowace lamba aka buga a bangonsa.