Kwanar Hagu: Tarihin Wata Tsohuwar Matsala a Mararraba

Idan mutum ya sami wuri ya zauna a bakin wata mararraba mai cinkoso, ya zuba ido na ɗan lokaci, zai lura cewa kwanoni biyun da direba ke iya sha ba ɗaya suke ba. A ƙasar da ake bin hannun dama, kamar Nijeriya da Nijar a yau, mai shan kwanar dama raɓawa kawai yake yi ta gefen titi ya shige, ba tare da ya gitta gaban masu tahowa ba. Mai shan kwanar hagu kuwa dole ne ya baro gefensa ya matso tsakiya, ya tsaya a inda motoci ke wuce shi ta kowane ɓangare, ya auna gudun masu fuskantarsa da ido, sannan ya yanke musu hanya. Injiniyoyin hanya sun ƙirga wuraren da turbar wata mota ke iya haɗuwa da ta wata a mararraba mai rassa huɗu, suka sami 32. Daga cikinsu 16 gittawa ce kai tsaye, wadda ita ke haifar da karon goshi da haƙarƙari, kuma 12 daga cikin 16 ɗin nan kwanar hagu ce sanadinsu. Fiye da shekara ɗari ke nan masu tsara birane suna kokawa da tambaya guda: a ina ya kamata mai shan wannan kwana ya ajiye motarsa?

Tambayar ta girmi mota. A watan Disamba na 1868, lokacin da karusan doki ke cika titunan Landan, aka kafa wata na'urar ba da hannu kusa da ginin majalisar dokokin Ingila. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna John Peake Knight ne ya tsara ta, da hannuwa irin na siginar jirgi don rana, da fitilar gas ja da koriya don dare. Ba ta cika wata guda ba gas ɗin ya fashe, ya raunata ɗan sandan da ke sarrafa ta, aka kawar da ita. Ko da ta ɗore, abin da take faɗa bai wuce tsaya da wuce ba. Ba ta da ta cewa a kan inda mai juyawa zai bi. Masu karusa suka ci gaba da yanke kusurwa yadda suka ga dama, su faɗa sabon titi ta hannun da ba nasu ba.

Wanda ya fara zama ya rubuta amsa shi ne William Phelps Eno, ɗan wani gidan attajirai a birnin New York na Amurka, wanda aka haifa a 1858. Abin mamaki game da shi, har ya bar duniya a 1945 bai koyi tuƙin mota ba. Mahayin doki ne, kuma daga bakin titi ya nazarci titi. A 1903 birnin ya karɓi ƙa'idojin da ya tsara, waɗanda ake lissafawa cikin dokokin zirga-zirgar birni na farko a duniya. Sun ce mai kwanar dama ya manne wa gefen dama, mai kwanar hagu kuma ya miƙe har sai ya wuce tsakiyar mararraba, sannan ya kewaye ta ya juya. Ba da jimawa ba garuruwa da dama suka riƙa kafa ɗan turke a tsakiyar mahaɗa domin direbobi su zagaye shi, har ana yi masa laƙabi da ɗan sandan da ba ya magana.

Hikimar dokar a fili take. Doguwar kwana tana tilasta wa direba rage gudu, tana kuma sauke shi a sabon titi ta hannunsa, ba a goshin mai fitowa ba. Sai dai ta dace ne da zamanin da motoci ba su da yawa. Da suka yawaita, aibinta ya bayyana: idan layuka biyu masu fuskantar juna duk suna son kwanar hagu, kowanne zai tokare wa ɗan'uwansa mafita, su sarƙe kamar zoben sarƙa, mararraba ta kulle. Don haka cikin shekarun da suka biyo baya aka yi ta sassauta ta, aka yarda direba ya matso jikin layin tsakiya tun daga nesa, ya juya ta gaban tsakiyar mahaɗa. Wannan ya saki cinkoso, amma da tsada, domin motar da ke fuskantarka tana jiran tata kwanar takan rufe maka ganin wadda ke tahowa a guje ta bayanta. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya, wanda aka fara bugawa a 1931, har yau yana ɗauke da hanyoyin biyu, yana kuma bayyana cewa wucewa ta bayan juna ta fi aminci saboda ido na ganin gaba. Tsohuwar dabarar ma ba ta mutu ba. A tsakiyar birnin Melbon na Ostireliya, inda ake bin hannun hagu, kwanar dama ce mai gittawa, kuma a wasu mahaɗai mai shan ta yakan koma can gefen hagu, ya shiga mahaɗar ya tsaya, sai fitilar titin da zai shiga ta ba da hannu sannan ya juya. An bar tsarin ne domin kada masu jira su tare wa jiragen ƙasa na cikin gari layinsu da ke tsakiyar titi.

Akwai kuma waɗanda suka ga cewa gyaran wannan kwana ɓata lokaci ne, gara a kashe ta gaba ɗaya. Eno da kansa ya sa aka mai da dandalin Columbus na New York wurin zagaye ta fuska guda a 1905, sannan wani mai zanen gine-gine na birnin Paris, Eugène Hénard, ya kawo irin wannan shawara, aka aiwatar da ita a 1907 a dandalin Étoile, inda manyan tituna 12 ke haɗuwa. Asalin shataletale ke nan. A cikinsa babu mai gitta gaban wani: mai son hagu shiga yake yi ya bi ayari, ya zagaya, ya fita kamar mai kwanar dama. Wurare 32 na haɗuwa sun koma 8 a shataletale mai layi ɗaya, kuma babu gittawa ko guda a cikinsu.

Amma an yi tuya an manta da albasa. A yawancin shataletalen farko, mai shigowa ne ke da hannu, na ciki shi ke tsayawa. Sakamakon haka da'irar takan yi ta haɗiyar motoci ba ta fitarwa, har ta ƙoshi ta tsaya cik. Kusan shekara 60 aka yi ana faɗaɗa da'irori ana ƙara musu layuka, alhali cutar ba a faɗi take ba. Sai a watan Nuwamba na 1966 Birtaniya ta juya dokar a duk faɗin ƙasar: mai shigowa ya dakata wa na ciki. Binciken cibiyar nazarin hanyoyi ta gwamnatin ƙasar ne ya kai ga haka, kuma cikin ma'aikatanta akwai Frank Blackmore, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, wanda daga baya ya nuna cewa da wannan doka ko ɗan da'irar fenti a tsakiyar titi ta isa ta yi aikin shataletale. Faransa ta bi sahu a 1984, ko da yake dandalin Étoile ɗin nan har gobe yana kan tsohuwar doka. A ganina, babu wani gyara a tarihin mararraba da ya kai wannan riba da araha, tunda ba a zuba kankare ko buhu ɗaya ba. Wanda zai jira kawai aka sauya.

Duk wannan ilimi yana zaune ne a kan abu guda, wato sabo. Direba ba ya lissafi a mararraba. Wuyansa ne ke juyawa da kansa zuwa inda ya saba ganin haɗari. Shi ya sa jarrabawa mafi tsanani ta zo wa ƙasashen da suka canja hannu dare ɗaya. Swidin ta yi haka ranar Lahadi 3 ga Satumba, 1967, duk da cewa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1955 kusan kashi 83 cikin ɗari na masu zaɓe sun ƙi amincewa. Maƙwabtanta duk dama suke bi, kuma yawancin motocin ƙasar sitiyarinsu a hagu yake. Da ƙarfe 4:50 na asuba aka tsayar da 'yan motocin da aka bari a kan titi, suka tsallaka ɗaya gefen a hankali, da ƙarfe 5:00 suka ci gaba. An yi zaton za a kwashi gawarwaki, sai ga shi haɗura sun ragu, kafin cikin kimanin shekara biyu su koma yadda suke. An rage iyakar gudu a lokacin, gaskiya ne, amma ina ganin tsoro ma ya yi nasa aikin: muddin direba bai amince da sabonsa ba, yakan duba sau biyu.

Nijeriya ta gaji hannun hagu daga Ingila, alhali Dahomey, wadda ake kira Benin a yau, da Nijar da Cadi da Kamaru duk dama suke bi. Direban babbar motar da ya taso daga Katsina zuwa Maraɗi, ko daga Kano zuwa Damagaram, sai ya sauya gefe a kan iyaka, ya sake sauyawa a dawowa. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ƙasar ta koma dama. Saliyo ta riga ta da shekara guda, Gana kuma ta biyo baya ranar 4 ga Agusta, 1974. A miƙaƙƙiyar hanya canjin ba shi da wuya, domin mutum na bin na gabansa ne. A mararraba wuyar take, musamman idan babu kowa a gaba da za a kwaikwaya. Kwanar hagu, wadda jiya ita ce ta raɓawa, ta wayi gari ita ce mai yanke hanya, kuma wanda ya sha ta a matse kamar yadda ya saba zai tsinci kansa a hannun masu tahowa. Shataletale da ake zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya ya koma akasin haka. Mai tafiya a ƙasa, wanda ya tashi yana fara duban dama kafin ya tsallaka, ya zama dole ya koyi fara duban hagu.

Akwai wata matsalar da Swidin ba ta sha irinta sosai ba. Motocin da ke Nijeriya a lokacin galibi sitiyarinsu a dama yake, don haka bayan canji direba ya koma zaune ta gefen kwata, nesa da layin tsakiya. Idan ya tsaya zai sha kwanar hagu, wata mota kuma na fuskantarsa tana jira, sai ya turo kusan rabin motarsa cikin hanyar masu zuwa kafin idonsa ya ga abin da ke tafe. Ƙofofin bas ma sun koma buɗewa ta tsakiyar titi. Shekaru aka ɗauka kafin tsofaffin motocin su ƙare, masu sitiyari a hagu su maye gurbinsu.

Kada a ɗauka kwanar dama ta kuɓuta daga zargi. Tirela ko tankar mai ba ta iya shan ta a matse, domin ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke ta ciki. Dole direba ya buɗe zuwa hagu tukuna, kuma wannan buɗewa takan bar wani fili tsakaninsa da gefen titi, wanda mai babur ko mai adaidaita-sahu ke gani kamar an ba shi hanya. Filin nan yana daidai inda madubin direba ba ya kaiwa, kuma rufewa yake yi da zarar motar ta fara juyawa. Haka nan masu koyar da tuƙi sun daɗe suna gargaɗin mai jiran kwanar hagu da ya bar ƙafafunsa a miƙe, kada ya karya sitiyari tun kafin hanya ta buɗe, domin idan aka buge shi ta baya, motar za ta bi inda ƙafafun suka nufa, wato gaban masu tahowa.

A manyan biranenmu na yau an koma wata dabara. A Kano an maye gurbin wasu sanannun shataletale da gadoji, kamar yadda aka yi a Ɗangi, an kuma toshe tsakiyar manyan tituna da kankare, ta yadda mai son hagu sai ya fara shan dama, ya yi gaba, ya nemi wata kafa a jikin shingen ya yi kwana ya dawo. Wanda ke kan gada ya huta da gittawa, babu shakka. Na ƙasa kuwa kwanar tasa ba ta ɓace ba, matsar da ita aka yi gaba. Yanzu aikinsa shi ne ya fito daga ƙaramin titi, ya ratsa layuka biyu ko uku na masu gudu cikin ɗan taƙi, ya isa bakin kafar, inda sau da yawa ba a ware masa wurin jira ba. A nan zai tsaya, gindin motarsa a layin masu gudu, hancinta a hanyar masu tahowa, ga adaidaita-sahu uku sun jeru ta gefensa sun rufe masa gani, na baya kuma yana ta danna masa oda.