Yadda ake bibiyar lafiyar masu binciken asbesto a gine-ginen Birtaniya

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, mai siraran zaruruwa da ba sa cin wuta. Wannan ya sa aka daɗe ana cakuɗa shi da siminti ana yin rufi da silin da bututun ruwa, irin waɗanda har gobe ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu a Najeriya. Muddin yana zaune lafiya, haɗarinsa kaɗan ne. Da zarar an fasa shi ko an huda shi, sai ya saki ƙurar da ido ba ya gani, wadda ke maƙalewa a huhu.

Birtaniya ta haramta nau'in shuɗi da na ruwan ƙasa a 1985, sannan ta haramta farin a 1999. Saboda haka duk ginin da aka yi kafin shekarar 2000 abin zargi ne. Dokar asbesto ta 2012 ta wajabta wa mai kula da ofis ko shago ko asibiti ya san inda ma'adinin yake a gininsa da halin da yake ciki. Daga nan aikin masu bincike ya samo asali. Su ne ke hawa cikin silin, su leƙa ɗakin tukunyar ɗumama gida, su ɓanɓaro ɗan samfur su aika ɗakin gwaji. Binciken da ake yi kafin rushe gini ko yi masa kwaskwarima ya fi haɗari, domin sai an fasa bango an ɗaga daɓe.

Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, HSE, ta ƙiyasta cewa cututtukan asbesto na kashe mutum kusan 5,000 a kowace shekara. Manyansu uku ne: asbestosis, wato tabon da ke taurara huhu; sankarar huhu; da mesoteliyoma, sankarar da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda ba a warkewa daga gare ta. Ciwon kan ɗauki shekara 15 zuwa 60 kafin ya bayyana. Matashin da ya shaƙi ƙurar yana ɗan shekara 25 zai iya yin ritaya lafiya lau kafin tarin ya soma.

Dokar ta raba ma'aikata gida-gida. Masu aikin cire asbesto mai haɗari, wanda sai da lasisi, likitan da HSE ta naɗa ne ke duba su duk bayan shekara biyu. Masu aikin da bai kai haka ba amma dole a sanar da hukuma, ana duba su duk bayan shekara uku. Sai dai ɗibar samfur na cikin ayyukan da aka ɗauke wa wannan wajibci, matuƙar shaƙar ƙurar jefi-jefi ce kuma ba za ta haura iyakar doka ba, wato zare ɗaya a cikin mililita goma na iska, a matsakaicin awa huɗu. Ke nan mai bincike na iya shafe shekaru yana aiki ba tare da doka ta tilasta a kai shi gaban likita ba. Wannan gurbi ne da ya cancanci a sake dubawa, ganin cewa shi ne ke fara shiga wurin da ba a san abin da ke ciki ba. Wasu kamfanoni kan tura ma'aikatansu gwajin don raɗin kansu.

Gwajin ba shi da tsawo. Likita zai tambayi tarihin aikin mutum da ko yana tari ko haki, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya sa shi busa na'urar auna ƙarfin numfashi. Ba a ɗaukar hoton ƙirji sai in likita ya ga dalili. Ana kuma jan kunnen mai shan taba, domin taba da asbesto idan suka haɗu suna ninka haɗarin sankarar huhu.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci iyakar wannan gwaji. Ba ya nuna yawan ƙurar da mutum ya shaƙa, ba ya kuma hana ciwon zuwa. Amfaninsa shi ne tabbatar da cewa ma'aikaci na da lafiyar sanya takunkumin numfashi, da kuma kafa ma'aunin da za a kwatanta da shi nan gaba. Ainihin kariya tana wurin aiki: jiƙa abin da za a yanka, sanya rigar da ake yarwa bayan aiki, da takunkumin da aka gwada ya dace da fuskar mai shi. Gemu na hana irin wannan takunkumi kama fuska, don haka masu gemu sukan yi amfani da hular da ke rufe kai baki ɗaya, wadda ƙaramin inji ke hura wa tatacciyar iska.

Ga waɗanda dokar ta shafa, mai kamfani zai ajiye kundin lafiyar kowane ma'aikaci na tsawon shekara 40 daga ranar rubutu na ƙarshe, ɗauke da irin aikin da ya yi da tsawon lokacinsa. Idan ciwo ya taso bayan an manta da ginin, wataƙila ma an rushe shi, wannan kundi na daga cikin hujjojin da ma'aikacin ko iyalinsa za su riƙe wajen neman diyya.