An Yi Gayya, Rumbun Na Waye?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ko uwar miji ba. Labarin wata manhajar waya ce da aka haifa a Amurka, ta girma a hannun jama'a, ta mutu a hannun 'yan kasuwa. Na san wata za ta ce, "To mu ina ruwanmu da wannan?" Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, in Allah ya yarda kafin mu kai ƙarshe za ki ga ruwanmu.

Yadda aka yi na san labarin shi ne, ina da wata tsohuwar waya da nake rubuta littattafaina a cikinta da daddare bayan yara sun yi barci. Wayar nan ta tsufa, ta yi nauyi, in na taɓa ta sai ta yi dogon tunani kafin ta amsa. Har na yanke shawarar kai ta kasuwar Farm Centre a saya ko nawa ne, sai ƙanena da ke karatun kwamfuta ya ce, "Yaya, kawo ta ki gani." Ya kwana biyu da ita, ya dawo mini da ita tana gudu kamar sabuwa. Na ce nawa ka kashe? Ya ce ko sisi, wata manhaja ya zuba mata mai suna LineageOS, kyauta ake ba da ita. Na ce kai tafi can, wa ke ba da abu kyauta a wannan zamani? Ya yi dariya ya ce, "Ai uwarta ma wajen neman kuɗi ta rasu." Wannan magana ta tsaya mini a rai, na zaunar da shi ya ba ni labari, daga baya ni ma na bi diddigi na karanta.

Da farko bari in yi miki bayanin abu ɗaya. Waya ƙarfe ce da gilashi, abin da ke sa ta aiki shi ake kira manhaja. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, Tecno ne ko Infinix ko Samsung, da manhajar Android suke aiki, wadda kamfanin Google ya saya a shekarar 2005. To ita Android, gindinta a buɗe yake. Kamar a ce mai haɗa turare ta rubuta sirrin haɗinta ta liƙa a ƙofar gida, ta ce kowa ya kwafa, ya ƙara abin da yake so, ya ba wani. Irin wannan ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, kuma akwai takardar izini da ke tare da ita wadda ta tabbatar wa kowa wannan dama.

A shekarar 2008 aka fitar da wayar Android ta farko, HTC Dream. Ba a jima ba masu ƙwaƙwalwa suka gano hanyar shiga cikinta su canza manhajar da kamfani ya zuba. A 2009 wani gyara ya yi fice a cikin gyare-gyaren da ake yi, aka sa masa suna CyanogenMod. Sunan ya fito ne daga laƙabin Kondik, injiniya a Amurka mai amfani da sunan Cyanogen a intanet, kuma a hannun Kondik ɗin aikin ya fara. Abin dariya, Cyanogen sunan wata iska ce mai guba.

Daga nan fa sai gayya ta haɗu. Mutane daga ƙasashe daban-daban, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba, kowa ya kama kunyarsa. Wannan ya gyara kamara, wancan ya gyara cin batir, wani ya fassara ta zuwa harshensu, wani kuma ya ɗauki nauyin waya iri ɗaya ya ce ni zan riƙa kula da ita. Da rana suna wajen aikinsu ko makaranta, da daddare suna wannan. Ba albashi, ba kwangila. Amfaninta kuwa, kamfani in ya sayar miki da waya, bayan ɗan lokaci sai ya daina aiko mata da sabon gyara don ki sayi wata. Su kuma waɗannan bayin Allah sai su ɗauki wayar da aka yi watsi da ita su sa mata sabon rai, su cire tarkacen da aka cusa mata.

Tun a watan Satumba na 2009 suka fara cin karo da manya. Google ya aiko da takardar lauya cewa a daina haɗa manhajar da kayansa irin su Gmail da Maps da YouTube, domin su waɗannan ba a buɗe suke ba, nasa ne shi kaɗai. Aka tsaya na ɗan lokaci, aka cire su, aka ci gaba, mai so ya zuba su da kansa daga baya. Abu ya yi ta bunƙasa har miliyoyin mutane suka koma amfani da ita. A 2011 kamfanin Samsung ya ɗauki Kondik aiki, kin ga ke nan manyan ma sun san da zamansu.

To 'yar uwa, ke ma kin sani, duk inda jama'a suka taru, mai kuɗi yana leƙowa. A watan Satumba na 2013 aka wayi gari da sanarwa cewa an kafa kamfani mai suna Cyanogen Inc., da Kondik da wani ɗan kasuwa Kirt McMaster, wanda shi ne ya zama shugaba. Masu zuba jari sun ba da dala miliyan 7. A watan Disamba na shekarar aka ƙaro miliyan 23. A watan Maris na 2015 kuma aka ƙaro miliyan 80. Aka buɗe ofisoshi a Seattle da Palo Alto, aka ɗauki wasu daga cikin 'yan gayyar aiki da albashi.

Ni dai ban ga laifinsu a neman kuɗi ba, tsakani da Allah. Wanda ya shekara huɗu yana aikin dare kyauta yana da ciki, yana da iyali, kuma manyan kwamfutocin da ake ajiye manhajar jama'a suna saukewa kuɗi suke ci. Inda gizo ke saƙa shi ne, ɗaruruwan mutane ne suka yi noman, amma 'yan kaɗan ne suka zauna da masu kuɗi. Sauran a sanarwa suka ji.

Ba a ɗau lokaci ba tsamin ya fito. Akwai wani matashi, Guillaume Lesniak, wanda ya rubuta manhajar ɗaukar hoto mai suna Focal ya ba da ita a ƙarƙashin izinin da ya wajabta a bar ta a buɗe. Da kamfani ya zo, sai aka nemi a canza wannan sharaɗi domin a samu damar yin gyaran da za a rufe a sayar wa masu ƙera waya. Yaro ya ce bai yarda ba, ya janye kayansa. Mutane da yawa suka fara tambayar kansu, ashe dama wa muke yi wa wahala?

Da fari kasuwa ta yi kyau. A 2014 wani sabon kamfanin ƙasar Sin mai suna OnePlus ya fitar da wayarsa ta farko ɗauke da manhajar Cyanogen, wayar ta yi farin jini ƙwarai. Amma kafin shekarar ta ƙare, sai ga Cyanogen ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Micromax cewa a ƙasar Indiya shi kaɗai zai sayar da waya da wannan manhaja, alhali OnePlus na shirin shiga kasuwar Indiyan. Magana ta kai kotu a Delhi, har aka dakatar da sayar da wayar OnePlus na ɗan lokaci a watan Disamba na 2014. OnePlus ya ga abin ba mutunci, ya koma ya haɗa tasa manhajar mai suna OxygenOS a 2015. Babban abokin cinikinsu ke nan ya tafi, sauran masu ƙera waya kuma suna kallo.

Shi kuwa shugaban kamfanin sai cika baki yake yi a jaridu, wai za su ƙwace Android daga hannun Google, har da cewa harsashi za su ɗirka wa Google a ka. Haba, mutumin da a gonar wani kake kiwo! A watan Afrilu na 2015 suka haɗa kai da Microsoft don a riƙa zuba kayansa irin su Skype da Outlook da Bing a cikin wayoyinsu na sayarwa. Mutanen da suka gudo saboda ba sa son a cusa musu kaya a waya, sai ga shi gidan da suka gudo ma ya fara irin wannan ciniki.

A 2016 ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A watan Yuli aka sallami ma'aikata da dama. A watan Oktoba McMaster ya sauka daga shugabanci. Kafin ƙarshen shekara aka raba gari da Kondik, aka ce za a rufe ofishin Seattle. Ranar 23 ga Disamba kamfani ya fitar da 'yar gajeruwar sanarwa cewa zuwa 31 ga wata zai kashe duk kwamfutocin da ke ɗauke da aikin. Shekara bakwai na wahalar jama'a, aka ba su kwana takwas. Kamfanin daga baya ya canza suna zuwa Cyngn, ya bar harkar waya gaba ɗaya, ya koma yin manhajar motocin masana'anta masu tuƙa kansu.

Amma ki ji ikon Allah. Washegari, 24 ga Disamba, 'yan gayyar suka ce sun kwashe aikin za su ci gaba. Sunan CyanogenMod dai ba su da iko da shi, ya zama dukiyar kamfani, don haka suka raɗa sabo, LineageOS, ma'anarsa zuriya. Abin da ya ba su wannan dama shi ne takardar izinin nan da na faɗa miki tun farko. Kamfani ya mallaki suna, ya mallaki ofis, ya mallaki kwamfutoci, amma bai isa ya rufe sirrin haɗin ba, domin tun ranar farko an rubuta cewa na kowa ne. A farkon 2017 suka fara fitar da sabuwar manhajar, ita ce yau take cikin tsohuwar wayata da nake rubuta muku wannan.

Abin da ya sa labarin nan ya taɓa ni, ni ma an taɓa yi mini irinsa. Shekarun baya mu matan layinmu muka haɗu muna yin humra da turaren wuta. Wata ta kawo haɗin kakarta, wata ta iya jiƙa farce, ni kuma na raɗa sunan na rubuta kalaman da ake liƙawa a jikin kwalba. Muna sayarwa a gidajen biki, ribar muna zubawa a adashe. Da abu ya karɓu, sai wani mai kanti ya nemi a riƙa kai masa da yawa. Ɗaya daga cikinmu ita ce mai fita, ita ta je ta yi magana da shi, ita ta yi rajistar sunan, kuma da sunanta ita kaɗai. Ba mu sani ba sai da muka ga sabuwar takarda a jikin kwalba da lambar wayarta. Da muka yi magana ta ce ai ita ta sha rana. Gaskiya ne ta sha rana, amma mu ma mun sha hayaƙi. Aka yi ta kai ruwa rana, zumuncin shekaru ya lalace, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin da ya cece mu shi ne kowaccenmu ta iya haɗin, sai muka sa wani suna muka faro daga tushe. Masu sayenmu na da kuwa da yawa sun bi tsohon sunan.

Don haka 'yan uwana, masu ƙungiyar sana'a, masu adashe, masu haɗa hannu a ɗinki ko girkin biki ko rubutun littafi, ga abin da na tsinta. Ku yi maganar kuɗi tun kuɗin bai zo ba, lokacin da kowa ke dariya, domin in ya zo kunya da zargi ba za su bari a yi ta da daɗi ba. Ku tambaya, sunan nan na waye? In za a yi rajista, sunan wa za a sa? In mai kuɗi ya zo, wa zai zauna da shi, kuma sai mutum nawa sun yarda? A rubuta a takarda, a sa hannu, a samu shaidu. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi, kuma rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne da sharrin zuciya. Sannan kada a bar sirrin sana'a a hannun mutum ɗaya, kowa ta koya. Mutanen Cyanogen sun rubuta ɗaya sun bar ɗaya: sun rubuta cewa aikin na kowa ne, shi ya sa ya rayu, ba su tsare sunan ba, shi ya sa ya tafi.

Ke kuma da Allah ya ɗaga a cikin ƙungiya, kika zama mai fita da shiga, ki tuna da waɗanda suka sha hayaƙi. Dala miliyan 110 aka tara wa kamfanin nan a zubi uku, ba ta hana shi barin harkar ba cikin shekara uku da 'yan watanni, su kuwa masu aikin dare kyauta har yanzu suna nan suna yi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da cin haƙƙin juna. Inda na yi kuskure ku yafe ni, sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.